Faci Uku a Hanyar Zango

Ni ne ɗan farin Baba, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bayan Zango ya san abin da hakan yake nufi. Ba ya kiran sunana, ba ya duban fuskata, ba ya zama a tabarmar da na zauna. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma, gida ɗaya da shi amma kamar maƙwabta. In yana son in yi wani abu sai ya nemi mutum na uku ya gaya masa, ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Zai dubi ƙanena ko wani baƙo ya ce a gaya wa wancan ya ɗaure akuyar nan, ni kuma in tashi in ɗaure ba tare da na jira an maimaita mini ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar iyayensa suna yi, kuma na san ba ƙina yake yi ba. Amma fa abin yana cin raina, ba zan ɓoye ba. Ƙanena har gemun Baba yake ja suna dariya, ni kuwa na yi aure na haihu ban taɓa yin hirar minti biyar da mahaifina ba.

Sana'ar Baba gyaran keke ce. Ya shafe shekaru a gindin dalbejiyar bakin kasuwarmu da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tif a ciki, robar nan ta cikin taya mai riƙe iska, don ya ga inda take huci. Daga baya yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, ta koma na dama, har ya zama dare da rana kawai yake bambancewa. Ya tattara kayan aikinsa ya tura ƙarƙashin gado. Shekara shida yana zaune a zaure, wanda ya shigo sai ya yi magana kafin ya gane shi. Bai taɓa yin ƙorafi a gaban kowa ba, amma Inna ta ce in ta kai masa tuwo takan tarar yana murza idon da bayan hannu, kamar mai son share wani abu.

A shekarun farko na Shari'a ne, lokacin da duk rediyon da ka kunna maganar ke nan, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Ya ce wasu bayin Allah sun ɗauki nauyin likitocin ido sun zo Daura, suna cire yanar ido kyauta, kuma ranar Laraba da an kira azahar za a rufe rubuta suna. Ƙanena, wanda shi ne ɗan rakiyar Baba ko'ina, ya tafi cin rani kudu. Motar kasuwa kuma sai Asabar take shigowa garinmu, ta wannan makon ma ba ta zo ba. Ni ne ke da babur, wani tsohon hannu da na saya ina zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa. Ka ji yadda maganar ta iso ni, sai daren Talata: Baba ya gaya wa Inna, Inna ta aika wa matata, matata ta same ni ina wanke ƙafa ta ce wai an ce ko babur ɗina zai iya kai mutum Daura. Na ce ta koma ta ce zai iya.

Na so mu tashi da an fito sallar asuba. Ina! Baba ya ce ba zai je a sa masa wuƙa a ido ba sai ya nemi gafarar mutane. Haka Inna ta riƙe masa sanda suka bi gida-gida, daga na liman har na tsohuwar da suka taɓa rigimar iyakar gona tun ina goye. Kowane gida sai an yi addu'a, sai an yi ɗan kuka, sai an ce ya sha ruwa. Ni ina ƙofar gida a kan babur, na tayar na kashe, na tayar na kashe, ina duban rana tana hawa. Sai da hantsi ya ɗaga sosai sannan ya fito cikin farar rigarsa ta Sallah. Ya lalubi mazaunin babur ya hau, ya ja jikinsa can ƙarshe, ya kai hannu baya ya riƙe ƙarfen kariya, inda ake ɗaura kaya. Tazarar da ya bari tsakaninmu za ta ɗauki ƙaramin buhu.

Daga garinmu zuwa Zango hanyar yashi ce, sai ka isa Zango kake hawa kwalta. Bazara ce, gonaki fayau, an yi sassabe an tara ƙaya a gefen hanya ana jiran ruwan farko. Na yi lissafi a raina cewa ko da jinkirin da aka yi, muna da lokaci har da saura. Mun wuce wata rijiya da makiyaya ke shayar da shanu, babu kowa a bakinta ran nan, sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Can ya gyara zama. Can kuma na ji ya ƙwanƙwasa ƙarfen kariya da zobensa sau biyu, ya ce subhanallahi a hankali. Na ɗauka tsoron asibiti ne yake damunsa. Ni ma na ji bayan babur yana ɗan lilo, kuma har na buɗe baki in tambaye shi ko ya ji wani abu, sai na rasa ta inda zan fara. Na ce wa kaina yashi ne, na ƙara murɗa mai.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa a haka kafin ƙarfen wili, wanda taya ke zaune a kansa, ya daki wani dutse, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Babur ya yi hagu ya yi dama, da ƙyar na tsayar da shi ban kayar da tsoho ba. Na sauka na duba. Tayar baya ta kwanta shame-shame, babu ko ɗigon iska. Na dubi gabas na dubi yamma, babu gida, babu mutum, ko jaki babu. Zango kuma da sauran tafiyar da in ka tura babur a cikin wannan yashi, da makaho a gefenka, sai bayan azahar za ka ga kwalta. Ni malamin makaranta ne, alli na iya riƙewa, ban taɓa fitar da tif daga taya ba a rayuwata. Abin da kawai nake da shi shi ne famfon da na tarar ɗaure a jikin babur ɗin ranar da na saye shi.

Na kama sandar Baba na ja shi zuwa inuwar wata aduwa, na dawo na turo babur. Ina tsaye ina zufa ina zagin wanda ya sayar mini da shi a zuci, sai na ga Baba ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani tsumma a ƙulle. Ya kwance shi a kan cinyarsa. Liba biyu ne, ƙarafan nan masu faɗin baki da ake ɓamɓare taya da su, sun yi santsi don tsufa, da reza sabuwa a takardarta, da ɗan gwangwanin sholisho, gam ɗin manna faci, wanda ko buɗe shi ba a yi ba. Daga baya Inna ta gaya mini tun ranar Asabar ya sa ta sayo masa a kasuwa, ya ce shi ba ya yarda da duk abin da ke tafiya a kan iska. Ya ajiye kayan a ƙasa, ba a hannuna ba, ya juyar da fuskarsa wajen gonaki ya yi shiru. Na gane yana saurare ne ko zai ji motsin wani yana tahowa.

Ba wanda ya taho. Kurciya ce kawai take kuka a saman aduwar. Da ya tabbatar babu mai zuwa, sai ya ce, "Rufe mai, ka kwantar da shi ta hagu."

Ni yake yi wa magana, babu ɗan aike. Sai da na waiwaya don in tabbatar ba wani ne ya ɓullo a bayana ba. Na rufe mai na kwantar da babur. Ya ce in kwance ƙaramin noti na bawul, bakin da ake ba taya iska, in taka gefen taya da diddige har ta saki ƙarfe, in sa liba ɗaya in danna, in sa ta biyu tazarar yatsu huɗu daga ta farko, kar in zurfafa don kada in ciji tif. Muryarsa ƙasa-ƙasa, a taƙaice, kansa a sunkuye. Na yi ta fama, liba ta suɓuce ta ɓare mini fatar yatsa, na yi tsaki na sake. Da ƙyar dai bakin taya ya fito, na zaro tif ɗin yana da zafi kamar an ciro shi daga tukunya. Ya matso da gwiwoyinsa, farar rigar Sallah a cikin yashi, ya ce in ba tif ɗin iska kaɗan.

Ruwan da muke da shi na buta ne, na alwala, ba zai isa a tsoma komai ba. Baba bai ma nema ba. Ya lashi leɓensa, ya ɗaga tif ɗin kusa da bakinsa, ya riƙa juya shi a hankali yana bi da shi ta gefen kumatunsa. Idanun nan farare a buɗe, ba sa kallon komai, amma duk fuskarsa aiki take yi. Can ya tsaya, ya shafa yawu da yatsa, ya ce in duba ko yana kumfa. Yana yi, ɗan tsili, kamar bakin allura. Ya sa farce ya yi alama. Ya ci gaba da juyawa, ya sake tsayawa, wannan karon ni ma na ji hucin daga inda nake. Tsaga biyu ne a jere, kowace ta kai tsawon gaɓar yatsa. Ya daɗe yana shafa su.

"Wannan ƙaramin na ƙaya ne," in ji shi. "Waɗannan biyun namu ne. Ƙarfe ne ya tauna, don an yi tafiya a kanta babu iska."

Na tambaye shi ko ya ji lokacin da iskar ta fara zurarewa. Ya ce tun wajen rijiya. Ya ce da an tsaya a nan, faci ɗaya ne, da tuni muna Zango.

Ni dama ina da zuciya, duk gidanmu an sani, kakata ma cewa take yi an zuba mini barkono a ruwan wankan farko. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa don girman Allah me ya hana shi faɗa? Idon wa za a yi wa aiki, nawa ko nasa? Shekara shida yana zaune a duhu, ga rana ɗaya tak ta zo, ya ji taya tana mutuwa a ƙarƙashinsa, ya zauna yana ƙwanƙwasa ƙarfe da zobe? Na faɗi maganganu da yawa, da murya sama, kuma wannan ne karo na farko da na taɓa jera wa mahaifina magana mai tsawo haka. Ka ga rashin sa'a, sai ta zama ta faɗa. Ya bar ni har na gaji na yi shiru don kaina.

"Na yi ta jiran mu gamu da wani," ya ce, "in gaya masa ya gaya maka."

Allah Sarki. Na tuna ni ma na ji lilon, ni ma na buɗe baki na rufe. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Shi kuwa sai ya ce in kwanto robar da nake ɗaure littattafai da ita a kariya, dama daga tsohon tif aka yanko ta, ita za mu yi faci da ita.

Yanka sai mai ido, don haka ni na riƙe reza. Ya ce in yanko uku, kowanne ya fi raminsa faɗi da yatsa ɗaya ta ko'ina, in kashe kusurwoyin su zama zagaye, don ta kusurwa faci yake fara tashi. Duk wanda na yanka sai ya karɓa ya bi gefensa da yatsa, biyu ya dawo mini da su in gyara. Ya sa na nemo tsingaro a gefen gona, na kankare bakin ramin da bayan facin har suka yi kaushi. Sannan ya ce in shafa sholisho a duka biyun, siriri, in bari ya sha iska.

Na shafa, na dubi inuwar aduwa na ga ta fara tattarewa zuwa gindinta. Raina ya ƙi kwanciya. Yana can yana laluben cikin taya, na yi wuf na manna facin farko na danne da babban yatsa, na manna na biyu, na ce an gama da waɗannan. Da na ba shi iska don gwaji, ina ji ina gani facin ya ɗaga baki ya zame, sholisho yana naso a ƙarƙashinsa ɗanye sharaf. Na ci mana kusan rabin sa'a a banza. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce, don wannan karon laifin nawa ne ni kaɗai.

"Ba ka sani ba ne," ya ce. "Ba wanda ya nuna maka."

Sai ya miƙo hannu yana lalube a iska har ya sami wuyan hannuna, ya kama. Rabon da fatarsa ta taɓa tawa ban ma san ranar ba, wataƙila tun ina jinjiri, in ma ya ɗauke ni a ɓoye. Tafin hannunsa da kaushi, amma riƙon a hankali. Ya kama yatsana manuni ya tsoma a bakin gwangwani, ya kai shi kan tif ya zagaya da shi, ya nuna mini yawan da ake so, kaɗan ne ƙwarai. Ya ce shi a bakin kasuwa ba agogo gare shi ba, in ya shafa sai ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ashirin da ɗaya, ba da sauri ba, sannan ya taɓa da bayan farce. In bai kama farce ba, ya nuna. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa a gindin aduwa, tif a kan gwiwata, muna karantawa, shi a fili ni a ɓoye. Ina karatun hawaye suna taruwa mini, na gode Allah da ba ya gani, sannan na ji kunyar wannan godiyar.

Da ƙafa ashirin da ɗaya ta cika, ya sa na taɓa, ya bushe. Na ɗora faci, ya ce in shimfiɗa tif a kan wani faffaɗan dutse in riƙa dukan facin da gindin liba, daga tsakiya zuwa gefe. Haka muka yi wa dukan ukun, ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin na biyu da na uku ya buɗe jakar da Inna ta rataya masa, ya fito da goran fura, ya juya baya ya sha, sannan ya miƙo shi ta gefena ba tare da ya juyo ba. Na karɓa na sha. Da muka gama ya barbaɗa lallausar ƙasa a kan facin don kada ya manne da taya. Zan mayar da tif ya ce in dakata. Ya sake zura hannunsa cikin tayar yana bin ta a hankali, sai na ga ya ɗan yamutsa fuska. Ya zaro yatsansa da ɗigon jini, ya nuna mini wurin. Ƙayar tana nan a kafe, tsininta ya leƙo ciki. Da haƙorinsa ya kama gindinta ta waje ya fizge ta, ya tofar.

Na mayar da tif, na mayar da bakin taya, na yi ta buga famfo har kafaɗuna suka yi tsami, shi kuma yana matsa tayar da babban yatsa har ya ce ya isa. Na ɗaga babur ke nan, sai ga wani Bafillace ya ɓullo da tumakinsa, sanda a wuya, ya yi mana sannu. Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce ga shi sai yanzu. Suka gaisa, suka tambayi juna ya zafi, ya kiwo. Sannan, wallahi ina tsaye tsakaninsu, Baba ya ce wa mutumin ya gaya wa mai babur ya tayar, rana tana yi. Bafillacen ya dube ni da mamaki ya ce wai an ce ka tayar. Na ce na ji.

Amma da ya hau bai kai hannu baya ba. Ya ɗora shi a kafaɗata ta dama, ya ce babban facin zai riƙa tsiyayar da iska kaɗan-kaɗan, in na ji ya matsa in tsaya. A Zango na ce mu tsaya wurin mai faci a sa sabon tif, ya ce kafin a kwance wili a mayar an yi azahar, wannan zai kai mu. Muka hau kwalta. Sau huɗu yana matsa kafaɗata tsakanin Zango da Daura, sau huɗu ina sauka in buga famfo, motoci suna wuce mu da gudu. Duk inda na hango masallaci a gefen titi sai gabana ya faɗi, in duba ko an fara alwala. Muna shiga Daura ladanai suka fara kira, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa.

Asibitin ya cika maƙil, tsofaffi a ƙarƙashin kowace bishiya, kowa da mai ja masa sanda. Na zaunar da Baba na ruga wurin teburin rubuta suna, na tarar mutumin da ke rubutawa ya rufe littafi yana naɗe hannun riga zai yi alwala. Ya ce an cika, tun ɗazu ma aka cika. Na roƙe shi, na gaya masa daga inda muka taso, na nuna masa hannuwana baƙi ƙirin. Ya ce ya tausaya, amma likitoci sun faɗi adadin da za su iya, ba shi da ikon ƙarawa. Zuciyar nan tawa ta sake tasowa, na fara ɗaga murya, mutane suka fara juyowa. Sai na ji an ja gefen rigata. Baba ne, ya bi muryata da sandarsa har ya iso. Ya ba mutumin haƙuri a madadina, ya ce yaro ne. Sannan ya tambaye shi ko akwai laifi in mun zauna a nan kusa. Mutumin ya ce babu, kuma ya rubuta sunan Baba a wata 'yar takarda ya sa a aljihu, ya ce bai yi alkawari ba.

Muka yi sallah muka zauna a barandar. Ni na riga na sallama, ina ta juya maganar a raina, rijiya, zobe, rabin sa'ar da na ɓata da gaggawata. Ina tunanin yadda zan mayar da shi zauren nan, in ce wa Inna me. Baba kuwa carbinsa yake ja. Sai bayan la'asar mutumin ya fito yana waige-waige da takardar a hannu. Ya ce cikin waɗanda aka rubuta an gwada wasu an samu jininsu ya hau, ba za a iya yi musu a wannan zuwan ba, a shigo da tsoho a gwada shi. Aka gwada, jinin Baba lafiya lau. Suka ce ido ɗaya za su yi, na dama, da safe.

Na kwana gidan wani abokin karatuna a wajen Kusugu. Washegari aka yi aikin, aka fito da shi da auduga da filasta a rabin fuska, aka ce sai gobe za a buɗe. Ran da za a buɗe na iso tun da sassafe. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, wani malamin asibiti yana bi ɗaya bayan ɗaya yana cire filasta. Wasu su yi kabbara, wasu su yi shiru, don ba kowa ne aikin ya karɓa ba. Da ya zo kan Baba na ja da baya na tsaya jikin ƙofa, ta bayan kafaɗarsa, inda na saba tsayawa.

Malamin ya cire audugar, ya goge idon, ya ɗiga magani. Baba ya yi ta ƙifta shi, ruwa yana zuba. Malamin ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Baba ya ƙura wa hannun ido. Ya sake tambaya.

"Uku," in ji Baba. "Kuma akwai agogo a hannunka."

Mutanen gadajen kusa suka yi ta barka. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi taga, ya dubi fankar da ke juyawa a sama. Malamin zai wuce, Baba ya riƙe masa riga ya tambaye shi ko wanda ya kawo shi yana nan. Malamin ya ce ga shi can bakin ƙofa.

"Ka ce masa ya matso, in gwada idon a kansa."

Na zo na durƙusa a gaban gadon, kaina a ƙasa. Malamin ya ce ai sai ka ɗago, ta yaya zai gwada? Na ɗago. Idon ja ne, a kumbure, yana ta ruwa, amma ni yake kallo, kai tsaye. Ya bi goshina, ya bi hancina, ya sauko haɓata ya tsaya a nan. Ya daɗe har malamin ya fara gyara tsayuwa. Sannan, ba tare da ya juya ba, ya yi wa malamin magana.

"Ashe har ya yi furfura. Ba wanda ya gaya mini."

Malamin ya yi dariya ya wuce gado na gaba. Baba bai ɗauke idonsa ba, ni ma ban tashi ba.